Yadda ake auna gurɓatar iska da hasken rana, da abin da aka gani a samaniyar Nijar

Kowace rana da azahar, wani tauraron ɗan Adam na ƙasashen Turai mai suna Sentinel-5P yana ratsa samaniyar Nijar daga kudu zuwa arewa, a nisan kilomita 824 daga doron ƙasa. Ba hoton gidaje ko na motoci yake ɗauka ba. Na'urar da ke cikinsa, wadda ake kira TROPOMI, tana tara hasken ranar da ya bugi ƙasa ya koma sama, ta warware shi, ta duba abin da ya ɓace daga cikinsa a hanya. Da wannan ɓataccen haske ake lissafa yawan wasu nau'o'in gaz da ke yawo bisa Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram. An harba tauraron a watan Oktoba na shekara ta 2017, kuma sakamakon awon nasa kyauta ne ga duk mai intanet.

Iskar da ɗan Adam ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 azot ne, kashi 21 oksijen. Ɗan abin da ya rage mafi yawansa wani gaz ne mai suna argon, wanda ba ya cutarwa ba ya ƙarawa. Waɗanda ake farauta da haske ba su kai ko kusa da haka ba: ana ƙirga su da kashi ɗaya cikin biliyan. Idan aka jibge buhun gero wajen 100, to ƙwaya ɗaya tak a cikinsu ita ce kashi ɗaya cikin biliyan. Amma waɗannan ƴan ƙwayoyi ne ke sa mai asma ya kwana a zaune, su ne ke ƙona ganyen shuka, su ne kuma ke yanke hukuncin tsawon lokacin da sauran dattin iska zai yi kafin ya gushe.

Fitattu daga cikinsu su ne dayoksid na azot, da ake rubutawa NO2, mai fita daga injin mota da babur da gurup da kuma gobarar daji; sai SO2, hayaƙin farar wuta da ke cikin gawayin ƙasa da gazuwal; sai amoniyak, wanda kowa ya san warinsa a garken dabbobi; sai ozon. Shi ozon fuska biyu gare shi. Can sama, tsakanin kilomita 15 da 35, garkuwa ne da ke tare hasken rana mai ƙona fata. Nan ƙasa kuwa, inda ake numfashi, guba ne ga huhu da amfanin gona. A shekara ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar NO2 da ta ce jiki zai iya jurewa a tsawon shekara, daga mikrogram 40 zuwa 10 a kowace mita mai ɗaki ta iska.

Abin da ba ya shiga kwalba

Mai tambaya zai ce: me ya hana a ɗebi iskar a kwalba a kai ɗakin bincike, kamar yadda ake yi da jini ko ruwan rijiya? Ana yin haka da wasu. Sai dai waɗannan nau'o'in gaz ba su da haƙuri. Da sun taɓa jikin kwalba, ko suka haɗu da wani gaz, ko rana ta haska su, sai su rikiɗe su zama wani abu dabam. NO2 yakan yi sa'o'i, ko kwana ɗaya in ya daɗe. Akwai wani mai suna NO3 da ke taruwa da dare kawai, domin hasken safiya yana tarwatsa shi cikin daƙiƙoƙi. Mafi gaggawarsu shi ne OH, wanda rayuwarsa ba ta wuce daƙiƙa ɗaya, amma shi ne sabulun samaniya: shi ke wanke mafi yawan dattin da mutane da dazuzzuka ke turawa sama. Kafin a rufe bakin kwalba ya riga ya tafi.

Haske kuwa ba ya taɓa komai da hannu. Yana ratsa iskar a inda take, ya fito ɗauke da labarinta.

Wanda ya taɓa ganin bakan gizo ya san cewa farin hasken rana ba launi ɗaya ba ne. Kamar kitso yake, an haɗa ja da rawaya da tsanwa da shuɗi an kitse su wuri guda. Na'urar da ake magana a kanta aikinta tsefe wannan kitso, ba gida bakwai kawai ba, gida dubbai, har da launukan da idon mutum ba ya gani: waɗanda ke gaba da shuɗi, da ake kira ultrabiyole, da waɗanda ke bayan ja, wato infraruj, hasken zafi. Kowane gaz yana da launukan da yake haɗiyewa, kuma tsarin haɗiyar tasa ba ya kama da na wani, tamkar zanen yatsa. NO2 shuɗi yake ci, shi ya sa hayaƙin da ke rataye bisa manyan birane yakan yi ja-ja kamar ƙasa. Ozon da SO2 a ultrabiyole suke cin nasu rabo, amoniyak a infraruj. Wurin da gurbin yake shi ke faɗin sunan gaz ɗin, zurfin gurbin kuma shi ke faɗin yawansa. Idan hasken ya yi doguwar tafiya a cikin iskar, gurbin yana ƙara zurfi, abin da ke ba da damar kama gaz ko da ɗan kaɗan ne.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph von Fraunhofer, ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin tsefaffen hasken rana. A 1859 Kirchhoff da Bunsen suka nuna a birnin Heidelberg cewa kowane sinadari da layukansa. Faransawa biyu, Charles Fabry da Henri Buisson, su suka tabbatar a 1913 cewa akwai rufin ozon a can sama, ta hanyar auna hasken da ya kasa isowa ƙasa. Daga baya Gordon Dobson na jami'ar Oxford ya ƙera na'urar da har yau ake auna ozon da ita. Awon nata ya nuna wani abin mamaki: da za a tattaro dukan ozon da ke bisa kan mutum a sauko da shi ƙasa, kaurinsa ba zai wuce milimita 3 ba.

Irin wannan na'ura ta Dobson ce masu binciken Ingila suka yi amfani da ita a yankin ƙanƙara na Antarktika, suka sanar a 1985 cewa rufin ozon ya huje. Shekara guda bayan haka wata Ba'amurkiya, Susan Solomon, ta jagoranci tawaga zuwa can, suka tsefe hasken wata da na rana, suka samu zanen yatsan wani gaz mai ɗauke da kulor. Wannan ya nuna yatsa ga sinadaran da ake zubawa a firiji da na'urorin sanyaya ɗaki. A 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal da ta hana su. Ba kasafai awon masana ke juya akalar gwamnatocin duniya da sauri haka ba.

Dabarar da ta dace da ƙasa mai ƙura

Akwai matsala ɗaya da duk mazaunin Sahel zai hango tun kafin a faɗa masa. Ba gaz kaɗai ke rage haske ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi takan dusashe rana har a kalle ta da ido. Gajimare ma haka. To ta yaya za a bambanta hasken da ƙura ta ci da wanda gaz ya ci?

Amsar ta fito daga Jamus a ƙarshen shekarun 1970, daga Ulrich Platt da Dieter Perner, kuma ita ce hanyar da ake kira DOAS a taƙaice. Sun lura cewa ƙura da gajimare suna rage haske ne gaba ɗaya, a hankali, daga wannan launi zuwa na kusa da shi babu wani tsalle. Gaz kuwa cizo yake yi, ƙanana masu kaifi, a wurare sanannu. Saboda haka sai kwamfuta ta share wancan raguwa mai laushi, ta bar cizon kaɗai, ta kwatanta shi da zanen kowane gaz da aka riga aka auna a ɗakin bincike. Da awo guda ana iya fitar da gaz huɗu ko biyar a lokaci ɗaya. Da wannan hanya ce su biyun da abokan aikinsu suka kama NO3 na dare a iskar da ke kusa da ƙasa.

Ana girka na'urar ta hanyoyi dabam-dabam. Wani lokaci fitila ce mai ƙarfi a kan wani bene, a kafa madubi a nisan kilomita ɗaya ko fiye, haske ya je ya dawo, a karanta abin da ya rasa a tsakani. Wannan tana aiki dare da rana. Wani lokaci kuma ba a buƙatar fitila: ƙaramin akwati ne a kan rufi, yana kallon samaniya ta kusurwoyi da yawa, daga gefen ƙasa zuwa tsakar ka, ya gane ko gaz ɗin yana ƙasa-ƙasa ko yana sama. Masu sa ido kan duwatsu masu aman wuta, irin Nyiragongo da ke bisa birnin Goma a Kwango, da ita suke auna SO2 da dutsen ke fitarwa, domin canjin yawansa yana cikin alamun da ke nuna cewa cikin dutsen ya motsa. Hanya ta uku ita ce ta tauraron ɗan Adam.

Na'urar Turai ta farko irin wannan da ta hau sama, GOME, an harba ta a 1995. Idonta bai da kaifi: kowane ɗigo na taswirarta ya kai kilomita 320 a tsawo da 40 a faɗi, wato ya fi tazarar Maraɗi zuwa Damagaram. Na TROPOMI a yau kilomita 5.5 ne da 3.5, ƙasa da girman birnin Yamai nesa ba kusa ba. Tun da NO2 ba ya daɗewa, ba ya yin nisa da inda ya fito, don haka taswirarsa tana tona asirin mai hayaƙin. Legas da Alkahira suna fitowa ƙarara. Haka yankin tashoshin lantarki masu ƙona gawayi da ke gabashin Johannesburg a Afirka ta Kudu. A farkon 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe birane, duniya ta ga yadda tabon NO2 ya dusashe bisa ƙasar Sin da arewacin Italiya cikin makonni.

Numfashin ƙasa bayan ruwan fari

Abin da ya fi shafar Nijar a wannan fage ba daga birni ya fito ba, daga gona ne. Da masana suka duba taswirar GOME ta shekara ta 2000, sun ga abin da suke tsammani a lokacin rani: NO2 mai yawa bisa yankunan da ake ƙona daji, kudu da Sahel. Amma a farkon damana sai ga wani tabo ya bayyana a bisa Sahel kanta, daga Senegal har Cadi, inda babu masana'antu, babu cunkoson motoci, kuma ba lokacin gobara ba ne. Lyatt Jaeglé ta jami'ar Washington da abokan aikinta suka wallafa bayanin a 2004: ƙasar ce da kanta ke fitar da gaz ɗin.

Ga yadda abin yake. Tsawon watannin rani, kashin dabbobi da karan hatsi da busasshiyar ciyawa suna barin azot a cikin rairayi. Ƙananan halittun da ke cin wannan azot, waɗanda ido ba ya gani, suna kwance kamar matattu saboda rashin laima. Da ruwan fari ya sauka sai su farka gaba ɗaya, su tarar da abincin wata bakwai ko takwas a jibge, ga shi shuka ba ta tsiro ba balle ta yi takara da su. Cikin wannan wawaso suke sakin gaz mai suna NO, wanda ke zama NO2 cikin mintoci da shigarsa iska. Binciken ya ce tashin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, ya kuma shafi faɗin ƙasa na murabba'in kilomita miliyan 3, fiye da ninki biyu na faɗin Nijar. An ƙiyasta cewa ƙasa ce ke ba da wajen kashi 40 cikin 100 na irin wannan gaz da ke tashi daga doron Afirka, kusan daidai da na gobarar daji. Ƙamshin nan da ke tashi bayan ruwan fari ba shi ne gaz ɗin ba, wani sinadari ne dabam, ko da yake shi ma ƙananan halittun ƙasa ke yin sa.

Ba a yarda da maganar tauraro haka kawai ba. A ƙauyen Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, akwai tashar awo da masu binciken jami'ar Abdou Moumouni ke kula da ita tare da takwarorinsu na Faransa. A can ana rataye wasu ƴan ƙananan faya-fayai masu tsotsar gaz, a sauke su lokaci-lokaci a kai ɗakin bincike. Awon tashoshi irin wannan ya nuna hauhawar NO2 a daidai lokacin da tauraron ya gani. Sannan a damanar 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken damanar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, jiragen bincike na Faransa da na Ingila sun yi sansani a Yamai. Na Ingilan ya riƙa shawagi ƙasa-ƙasa, ya kuma tarar da gaz ɗin ya fi yawa bisa wuraren da ruwa ya jiƙa kwanan nan fiye da busassu da ke gefensu. A watan Agusta na shekarar aka saki manyan balan-balan daga Yamai, wasunsu ɗauke da SAOZ, na'urar tsefe haske da masanan Faransa Jean-Pierre Pommereau da Florence Goutail suka ƙera, domin auna ozon da NO2 a can sama da gajimaren hadari.

Bayan haka wata na'urar Faransa mai suna IASI, wadda ke karanta hasken zafi daga tauraron Metop, ta nuna cewa amoniyak ma yana tashi daga ƙasar Sahel a farkon damana. Ga manomi wannan ba labarin masana ba ne kawai. Azot ɗin da ke tashi sama shi ne ƙarfin taki. Wani ɓangare yana dawowa da ruwan sama, amma ba lalle a gonar da ya baro ba. Takin ure da aka watsa a bisa ƙasa mai zafi aka bar shi a fili, wani kaso nasa iska yake bi. Wannan na cikin dalilan da suka sa malaman gona ke nanata a turbuɗe taki, kamar a dabarar nan ta sa ɗan kaɗan a gindin kowace shuka da aka gwada a cibiyar ICRISAT ta Sadore.

Abin da tauraron ba ya gani

Biranen Nijar ba sa yin duhun Legas a taswira, kuma a nan ne kuskure yake da sauƙi. Tauraron yana auna dukan gaz ɗin da ke cikin dogon ginshiƙin iska daga ƙasa har sama, ba abin da ke daidai hancin ɗan kabu-kabu a bakin kasuwa ba. Sau ɗaya yake wucewa a yini, da azahar, lokacin da zafi ya gauraya iska ya ɗaga dattin sama, rana kuma ta cinye wani kaso. Cunkoson safe, da na magariba sa'ad da hayaƙin murhu da na bola ke kwantawa bisa unguwanni, duk ba ya nan. Ran da gajimare ya rufe ba ya ganin ƙasa. Ƙura mai kauri kuma, ko da yake dabarar DOAS tana raba ta da cizon gaz, tana karkatar da hanyar da haske ke bi, sai lissafin ya yi rauni daidai a watannin hunturu. Uwa uba, abin da ya fi cutar da huhun jama'a a wannan yanki shi ne ƙura da hayaƙin itace a madafa, wanda mata da yaran da ke goye ke shaƙa kullum. Taswirar NO2 ba ta san da shi ba.

Wasu yankunan duniya sun magance matsalar wucewa sau ɗaya. Koriya ta Kudu ta harba GEMS a 2020, Amurka ta harba TEMPO a 2023, Turai ta bi da Sentinel-4 a 2025. Waɗannan suna tsaye ne wuri guda a sama, suna awo kowace sa'a muddin da rana. Na farko Asiya yake kallo, na biyu Amurka ta Arewa, na uku Turai da gefen arewacin Afirka. Afirka kudu da Sahara, inda birane ke girma da gudu, ba ta cikin ganin ko ɗayansu.

Saura na'urorin ƙasa, kuma su ma ƙalilan ne a nahiyar. Masanan Beljik sun girka irin mai kallon samaniya daga rufi a Bujumbura da Kinshasa, kuma da irinsu ake gwada ko tauraro yana faɗin gaskiya a wuri. A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci, kusa da matatun mai da tashoshin lantarki da masana'antun siminti ake fara kafa su, domin idan gardama ta tashi tsakanin maƙwabta da masu masana'anta a samu adadi a teburi, ba zargi da musu ba. Nijar tana da wurare irin waɗannan: matatar Damagaram da ta fara aiki a 2011, tashar Gorou Banda a Yamai, tashar gawayi ta Anu Araren a jahar Agadas, da simintin Malbaza a jahar Tawa. Ga kuma batun ingancin mai, na gidan mai da na ƴan ruwa-ruwa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta auna gazuwal a wasu ƙasashen Afirka, ta samu wanda farar wutarsa ta ninka iyakar Turai sama da sau 300. A 2020 ministocin CEDEAO suka amince da sabuwar iyaka ta kashi 50 cikin miliyan. Fitila da madubi a tsallaken babban titi suna iya nuna ko SO2 na raguwa a iskar da mutane ke shaƙa ko a takarda kawai ya ragu.

Bayanan TROPOMI kam ɗalibin jami'ar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Tawa yana iya sauke su a yau, in ya samu intanet mai ƙarfi da malamin da zai nuna masa yadda ake tace su. Yamai kuma tana da cibiyoyin yanayi biyu na ƙasa da ƙasa, AGRHYMET da ACMAD, waɗanda suka daɗe da sabawa da hotunan taurari. Na'urar kan rufi ba ta fi akwatin tafiya girma ba. Abin da take buƙata shi ne wutar da ba ta yankewa, da wurin da zafin watan Afrilu ba zai dafa ta ba, da ma'aikacin da ake biya don ya hau ya share ƙura daga gilashinta a kai a kai, tun daga Nuwamba har ruwa ya sauka.